Ƙananan littattafan zane na kuš! daga birnin Riga: nazari a kan jerin mini kuš!

Yawancin masu karatu a ƙasar Hausa, idan aka ambaci littattafan labarin zane, waɗanda ake kira komik, abin da ke faɗo musu a rai shi ne jaruman kamfanonin Marvel da DC na Amurka, waɗanda finafinai suka yaɗa sunayensu har cikin ƙauyuka. Amma a gefen waɗannan manyan kamfanoni akwai wasu ƙananan maɗaba'u masu cin gashin kansu, waɗanda mutum biyu ko uku ke gudanarwa, suna buga kwafi kaɗan, suna sayarwa ta gidan waya da wuraren baje koli, kuma a nan ne ake samun masu zanen da babu wanda ya shata musu iyakar abin da za su zana. Ɗaya daga cikin irin waɗannan maɗaba'u ita ce kuš!, wadda ake furta sunanta "kush", kuma jerin ƙananan littattafanta mai suna mini kuš! shi ne nake son in yi wa masu karatu bayaninsa, domin a ganina babu wata ƙofa mai sauƙin shiga wannan fage da ta fi shi.

Maɗaba'ar tana Riga, babban birnin Latbiya, ƙasar da ke gaɓar tekun Baltik wadda al'ummarta ba su kai miliyan biyu ba, kuma sai a 1991 ta sake samun 'yancin kanta daga Tarayyar Sobiyet. An kafa kuš! a 2007, a lokacin da labarin zane na manya ba shi da wata kasuwa ta a zo a gani a ƙasar, kuma waɗanda aka fi sani da shirya littattafanta su ne David Schilter, ɗan asalin Suwizalan, da Sanita Muižniece. Dabarar da suka ɗauka tun farko ita ce haɗa masu zanen Latbiya da takwarorinsu na ƙasashen waje a cikin mujalla ɗaya, ta yadda na gida za su ga abin da ake yi a duniya, na waje kuma su san da zaman na gida. Dabarar ta yi aiki, domin a 2012 sun sami kyautar da ake bai wa maɗaba'u masu zaman kansu a bikin Angoulême na Faransa, wanda ke cikin manyan tarukan labarin zane na duniya, sannan a 2017 aka sanya wata fitowar mujallarsu mai suna š! cikin jerin waɗanda ke takarar kyautar Eisner ta Amurka. Ban da mujallar, suna kuma fitar da mini kuš!, inda ake ware wa mai zane guda ɗaya littafi sukutum, kuma yanzu lambobin jerin sun haura ɗari.

Abu na farko da zai ba mutum mamaki idan ya riƙe littafin shi ne ƙanƙantarsa. Girmansa shi ne wanda masu ɗab'i ke kira A6, wato idan aka ninka farar takardar ofis ta A4 sau biyu, kimanin santimita 10 a faɗi da 15 a tsawo, don haka yana shiga aljihun riga ba tare da ya lanƙwashe ba. Shafukansa ba sa kai talatin, an ɗinke su da waya a tsakiya kamar littafin rubutun 'yan makaranta, sai dai takardar tana da kauri mai kyau, launuka kuma suna zama a kanta daram, ba sa ɓullowa ta bayan shafi. Wannan ingancin ɗab'i ba ƙaramin abu ba ne a fagen da ya samo asali daga takardun da matasa ke bugawa da injin fotokwafi suna ninkewa da hannu. Idan mai zane ya yi aiki da fensir mai launi, ana ganin sawun fensirin da wuraren da ya danna hannu da inda ya sassauta. Idan da fenti mai ruwa ya yi, ana ganin inda ruwan ya taru ya bushe a gefen siffa. Maɗaba'ar da ke sakaci da wannan ta ci amanar mai zane, kuma a nan ban ga alamar sakaci ba.

Ƙanƙantar nan ita ce sirrin duk abin da ke da kyau a jerin, kuma a kanta nake so in daɗe. Littafin zane mai shafi ɗari biyu yana cin shekara biyu ko uku a hannun mai zane, kuma kuɗin buga shi da launi yana da yawa, saboda haka dole maɗaba'a ta tambayi kanta ko zai sayu kafin ta karɓe shi, dole shi ma mai zanen ya riƙa tunanin kasuwa tun yana kan aiki. Ɗan littafin da bai kai shafi talatin ba kuwa, asararsa ba ta kashe kowa. Mai zane zai iya gwada wata hanyar da bai taɓa bi ba, ya ajiye magana gaba ɗaya ya bar hotuna su ba da labari, ko ya zana mafarkin da ya yi, ko ya ɗauki wani ɗan lamari da ya faru tsakaninsa da mahaifiyarsa ya shimfiɗa shi a shafi ashirin. Idan gwajin ya yi kyau, mai karatu ya ci riba. Idan bai yi ba, abin da aka rasa kaɗan ne. Haka kuma nauyin littafin bai fi na wasiƙa mai 'yan takardu ba, shi ya sa ake iya aika shi daga Riga zuwa kowace nahiya a cikin ambulan. Ke nan girman littafin ne ya sayo wa masu zanen 'yancinsu, kuma shi ne ya kawo su hannun masu karatun da ke nesa da manyan shagunan littattafai na Turai.

Karanta irin wannan littafi yana buƙatar mutum ya sauya ɗabi'arsa. Wanda ya saba da littattafan jarumai yakan bi rubutun da ke cikin da'irorin magana, ya ɗan kalli zane, ya juya shafi, kuma da wannan saurin zai gama mini kuš! kafin shayinsa ya huce, ya ce an cuce shi. Hanyar da ta fi ita ce a karanta sau ɗaya don a san inda aka dosa, sannan a koma farko a tsaya a kan kowane gidan zane. A ɗauki misalin shafin da aka raba gida shida, a gida na farko mace tana zaune a bakin taga, a na biyu tana nan yadda take, a na uku ma haka, sai dai inuwar da ke ƙasa ta ɗan matsa, kofin da ke gabanta kuma ya ragu. Babu kalma ko ɗaya, amma mai karatu ya gane cewa ta daɗe tana jiran wani, kuma shi ne da kansa ya cike abin da ya faru a cikin farin layin da ke raba gidajen. Wannan aikin da ake bar wa mai karatu shi ne daɗin labarin zane, kuma manyan kamfanoni sukan rage shi don kada su gajiyar da masu saye. A waɗannan ƙananan littattafai ana barinsa cif, har wani lokaci ana yin yawa.

Zancen yin yawa kuwa shi ne babban abin da zan soki jerin da shi. Tunda kowace lamba mai zane daban ne, daga ƙasa daban, da hannu daban, ba a iya tabbatar wa mai saye cewa abin da ya ji daɗinsa a wannan zai same shi a na gaba. Akwai waɗanda labarinsu ke tafiya tiryan-tiryan har ya taɓa zuciya, akwai kuma waɗanda siffofi ne da launuka kawai, mutum ya duba ya sake dubawa bai ga bakin zaren ba. Ina ganin wasu daga cikin na biyun sun fi dacewa da bangon ɗakin nune-nunen zane a kan littafi, domin sun manta cewa mai karatu yana buƙatar ko da ɗan abin da zai riƙe ya bi su. Ban ce a daina buga su ba, tunda 'yancin da ya haifi nagartattun shi ne ya haife su, amma ya kamata mai saye ya san haka tun kafin ya fitar da kuɗinsa, kuma ya duba hotunan shafukan da ake nunawa a shagonsu na intanet kafin ya zaɓa.

Akwai kuma matsalar rubutu. Wasu masu zanen suna yin aikinsu a babbar takarda sannan a ƙanƙanta shi, sai rubutun hannunsu ya koma sirara, wanda mai raunin gani zai sha wahala da shi ko da da tabarau. Harshen littattafan Turanci ne, galibi mai sauƙi saboda yawancin masu zanen ba harshensu na gado ba ne, kuma da yawa ba su da magana sam. Abin da ya fi muhimmanci ga iyaye shi ne kada ƙanƙantar littafin da kyawun launinsa su sa a ɗauka na yara ne. An yi su ne domin manya, wasu suna ɗauke da zanen tsiraici ko zancen jima'i ko tashin hankali, wasu kuma suna taɓo al'amuran da ba su dace da tarbiyyar gidajenmu ba. Duk wanda zai ajiye su a gida ya fara karantawa da kansa, ya ware waɗanda za su iya zama a fili.

Ga wanda bai taɓa karanta komai daga wannan maɗaba'a ba, akwai tambayar ko ya fara da mini kuš! ko da mujallar š!, wadda ita ma girman aljihu ce amma ta haura shafi ɗari, kowace fitowa da jigonta, masu zane da yawa kuma kowa ya kawo gajeren labarinsa a kan jigon. Mujallar ta fi arha idan aka yi lissafin shafi, kuma tana nuna wa mutum hannaye iri-iri a zama ɗaya. Duk da haka na fi son ƙananan littattafan, saboda a mujalla labari yana ƙarewa wani ya faɗo a kansa nan take da wani launi da wata murya, ba a samun sukunin zama da na farko. Ɗan littafin da mutum ɗaya ya tsara tun daga bango har bango yana da numfashinsa, mai zanen ne ya san inda za a juya shafi da abin da zai ɓoye a bayansa. An saba fitar da su huɗu-huɗu a lokaci guda, kuma sayen huɗun tare ya fi hikima a kan sayen guda, domin a cikin huɗu da wuya mutum ya rasa wanda zai koma masa.

Mai karatun Hausa ba baƙo ba ne ga wannan tsari, ko da bai san shi da zane ba. Tun daga shekarun 1980 marubutan Kano, mata da maza, suka riƙa biyan kuɗin buga ƙananan littattafansu da kansu, suna raba labari kashi-kashi don farashi ya yi sauƙi, suna kai wa masu sayarwa a kasuwa ba tare da jiran amincewar wata babbar maɗaba'a ba. Dalilin da ya sa aka yi haka a Kano shi ne ya sa aka yi a Riga: ƙaramin littafi yana ba marubuci damar faɗin abin da manyan kamfanoni ba za su zuba jari a kansa ba. Bambancin shi ne littattafan Kano sun sami ɗimbin masu karatu a gida, su kuwa na Riga masu karatunsu 'yan kaɗan ne a warwatse cikin ƙasashe da yawa, sai gidan waya ke haɗa su. Matasanmu masu zane, waɗanda yawancinsu ke ƙarewa a kwaikwayon jaruman Amurka ko salon Japan a shafukan sada zumunta, za su amfana ƙwarai idan suka riƙe ɗaya daga cikin waɗannan littattafai suka ga cewa takardar A4 'yan ƙalilan da aka yanka aka ninke sun isa ɗaukar cikakken labari.

Ta fuskar saye, ana yin oda ne a shagonsu na intanet, kuma sun daɗe suna haɗa kuɗin aikawa zuwa kowace ƙasa a cikin farashin littafi, abin da ke sauƙaƙa lissafi ga wanda ke nesa, ko da yake ya kamata a tabbatar da hakan a lokacin saye tunda kuɗin gidan waya yana sauyawa. Ana biya da kuɗin waje, saboda haka mai katin naira ya fara tabbatar da cewa bankinsa yana barin sayayya a ƙetare, ya kuma tuna cewa canji ya sa abin da Bature ke gani kuɗin kofi ya zama kuɗi mai nauyi a wurinmu. Saƙon gidan waya daga Turai zuwa Afirka ta Yamma yana iya ɗaukar makonni, don haka ya fi kyau a yi amfani da adireshin ofis ko akwatin gidan waya, ko kuma a tura wa ɗan'uwa da ke zaune a Turai ya taho da su idan zai zo gida. Idan abokai uku ko huɗu suka haɗa kuɗi suka yi oda ɗaya, kowa ya zaɓi nasa sannan su riƙa musanya, nauyin zai ragu, kuma kowannensu zai karanta ninkin abin da ya biya. Tsofaffin lambobi sukan ƙare saboda ba a buga su da yawa, don haka wanda ya ga wanda ya kwanta masa a rai kada ya jinkirta.