Hoton eko na ciki a ƙananan asibitocin Maraɗi: ya cancanci kuɗinsa, in an zo da yunwa

Eko na ciki, wato hoton kayan ciki da na'ura ke ɗauka da sauti, aiki ne na minti 15 zuwa 20, ba allura, ba zafi, sai sanyin man da ake shafa wa fata. Wajen duba maɗaciya kuwa babu kamarsa a farashinsa. Aibin da ake yawan samu a wurin karɓar baƙi yake: sai a ba mutum rana, a manta a ce masa kada ya ci komai awa 6 zuwa 8 kafin ya zo.

Ga dalilin. Hanta tana ƙarƙashin haƙarƙarin dama, tana yin ruwan ɗaci dare da rana, daga rabin lita zuwa lita guda a wuni. Maɗaciya ƴar jaka ce maƙale a ƙasanta, ba ta ɗaukar abin da ya wuce cokalin miya uku ko huɗu, sai dai tana tsotse ruwan ya yi kauri. Da abinci mai maiƙo ya sauka daga tumbi zuwa farkon hanji, sai ta matse ta zuba abin da ta tara, ya farfasa kitse kamar yadda sabulu ke yi wa kwanon miya. To wanda ya tsaya ya ci ƙosai da shayin madara kafin ya hau kabu-kabu, maɗaciyarsa ta riga ta motse; likita zai ga bango ya yi kauri alhali lafiya lau, ƙananan tsakuwoyi kuma su ɓace masa. Cikakkiya kuwa baƙa ƙirin take fitowa a allo, tsakuwa fara tas da inuwa a bayanta. Ruwa zalla ba ya ɓata hoto. Fura da nono na ɓatawa.

Pankiriyas ne inda na'urar ke gazawa. Yana kwance a bayan tumbi, yana zuba ruwa fiye da lita a wuni, wanda ke kashe tsamin tumbi ya kuma narkar da sitaci, nama da mai. Iskar hanji kan tare shi, don haka in takardar sakamako ta ce ba a gan shi sosai ba, gaskiya aka faɗa, ba sakaci ba ne. Bututunsa da na maɗaciya ƙofa ɗaya suke shiga hanji, shi ya sa tsakuwa guda in ta maƙale a nan take kawo ciwon shawara, fitsari kamar shayi, kashi fari-fari, wani lokaci har kumburin pankiriyas.

Takarda mai kyau ta kan rubuta kaurin bangon maɗaciya, wanda bai kamata ya wuce milimita 3 ba, da faɗin babban bututun ruwan ɗaci, wajen milimita 6. In babu su, a tambaya. Masu sikila su fi kowa nacewa, don tsakuwa ta fi kama su tun suna yara. Ciwon hanta nau'in B kuma eko ba ya ganin ƙwayarsa. Wannan sai gwajin jini.