Gargaɗi ga Masu Sayen Fili: Takardar da Aka Mayar da Kwanan Watanta Baya

Ina jan hankalin duk mai niyyar sayen fili game da wata damfara da wasu miyagun dillalai ke yi, wadda suke kira da kalmar Ingilishi "backdate". Ma'anarta ita ce a rubuta takarda yau, amma a sanya mata kwanan watan da ya riga ya wuce. Ma'aikata sun san kalmar ta fuskar halas, domin idan gwamnati ta yi ƙarin albashi ta ce ya fara aiki tun watannin baya, ana biyan ariyas ne a fili kuma kowa ya san ranar da aka sa hannu. Abin da dillalan nan ke yi kuwa ɓoye ranar gaskiya ne domin a ci haƙƙin wani.

Yawanci fili ɗaya suke sayar wa mutum biyu. Idan mai saye na biyu ya gano cewa an riga shi, sai su kwantar masa da hankali da cewa za su rubuta masa sabuwar takardar ciniki mai kwanan watan da ya gabaci na abokin rigimarsa, su nemo shaidu, wani lokaci har da hatimin jabu na mai unguwa ko dagaci, shi kuma ya ƙara musu kuɗi a kan la'adar da suka riga suka karɓa. Wasu sukan mayar da takardar har kafin 1978, shekarar da aka kafa dokar amfani da ƙasa wadda ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, domin a ɗauka mallakar tsohuwa ce. Sukan jiƙa takardar da ruwan shayi, su shanya ta, su ninke ta sau da yawa har gefenta ya fara cinyewa.

Duk da haka irin wannan takarda takan tona asirin kanta ga wanda ya natsu ya karanta. Takardar 1985 ba za ta ambaci Jihar Katsina ba, domin a 1987 aka ƙirƙiro ta, kamar yadda Jigawa da Yobe suka zo a 1991, Zamfara da Gombe kuma a 1996. Cinikin da aka yi kafin 1973 da fam da sule aka yi shi, ba da naira ba. Lambar wayar salula mai farawa da 0803 a takardar da ake cewa ta girmi shekarar 2001 ita ma hujja ce babba. Haka kuma ya kamata a tambayi dattawan unguwa ko mai unguwar da sunansa ke jiki shi ne kan kujera a lokacin, da kuma ko shaidun suna raye a kwanan watan da aka sanya wa takardar.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, mutumin da aka cuta shi ake jawowa cikin laifin. Sanya wa takarda kwanan watan ƙarya da nufin yaudara laifin jabu ne a kundin final kod, wato dokar hukunta laifuka ta Arewa, hukuncinsa kuma yana iya kaiwa ɗaurin shekara 14, kuma idan magana ta je kotu takardar a hannun mai saye za a same ta, dillalin kuwa ya daɗe da kashe wayarsa.

Saboda haka kafin a biya ko sisi, a je hukumar filaye ta jiha, kamar KANGIS a Kano ko KADGIS a Kaduna ko AGIS a Abuja, a binciki fayil ɗin filin. Idan na gado ne, a zauna da magada gaba ɗaya. Wanda kuma aka riga aka yi wa tayin irin wannan takarda ya ƙi karɓa, ya adana rasidinsa na asali da shaidar tura kuɗi ta banki, ya kai ƙara wurin 'yan sanda tare da lauyansa.