Daren da na kira 112 a Aboabo, Kumasi

Bayan sallar isha'i Baba ya miƙa hannu zai ɗauki kofin shayi, hannun ya ƙi tashi. Na dubi fuskarsa, baki ya karkace, magana tana fita a sarƙe. Inna ta ruga ɗebo ruwa, Yaya ya fita neman pragya, wato keke mai ƙafa uku na haya. Ni kuwa na danna 112, lambar kiran gaggawa ta Ghana da ban taɓa gwadawa ba. Kiran kyauta ne.

Matar da ta ɗaga wayar ta fara da Turanci, da ta ji na daburce sai ta koma Tonanci, wato Twi. Ta ce kada a ba shi ruwa, ko abinci, ko magani, domin wanda ɓarin jikinsa ya shanye haɗiya kan gagare shi, ruwan ya bi hanyar numfashi. Na ce, "Inna, don Allah ki ajiye kofin nan." Har yau ina tuna kallon da ta yi mini, amma ta ajiye. Matar ta sa muka kwantar da shi ta gefe, muka sassauta masa wuyan riga, sannan ta ce in riƙe lokacin da abin ya fara. Ƙarfe 8:20 ne. Da muka isa Gee, wato asibitin Komfo Anokye, abin da likita ya fara tambaya ke nan.

Wahalar da muka sha ta kwatance ce. Gidanmu yana can cikin lungu inda mota ba ta shiga, ga shi ban haddace adireshinmu na GhanaPostGPS ba. Sai da muka tura samari biyu bakin titi da fitilar waya suka tare motar ɗaukar mara lafiya. Duk mazaunin zango ya rubuta adireshin nan a jikin bango tun yau.

Ba su kai rabin awa ba suka iso. Ma'aikata biyu suka shigo da gadon ɗaukar mara lafiya, suka auna jininsa da sukari, suka tsallake kwatoci da shi a hankali, ɗayansu yana ta ce masa, "Sannu Baba." A cikin mota suka sa masa iskar numfashi. Wannan ne pragya ba za ta taɓa yi maka ba, komai saurinta. Ko pesewa ba su nema a wajenmu ba.

A 2020 Shugaba Akufo-Addo ya raba irin motocin nan guda 307, kowace mazaɓa ta samu. Idan aka dubi yawan jama'ar mazaɓarmu ta Asawase, motar tana da aiki sosai, shi ya sa raina yake ɓaci idan na ga yara suna kiran lambar da wasa. Na hana na gidanmu.

Baba ya yi kwana 12 a asibiti. Yanzu yana riƙe carbi da hannun, kofi ne dai har yanzu sai an tallafa masa.