Denon AVR-X1700H a falon Katsina: ina wat 80 zai kai ka?

Kalmar risiba a bakin mutanen Katsina galibi tana nufin akwatin tauraron ɗan Adam da ake haɗawa da dish. Wadda ake magana a kai a nan daban ce: akwati ne mai nauyin kilo takwas da 'yan kai, wanda dikoda da na'urar wasan yara da kwamfuta duk suke shiga cikinsa ta HDMI, shi kuma ya miƙa hoto ga talabijin, ya rarraba sauti zuwa sifikoki har bakwai. Denon AVR-X1700H irin wannan risiba ce, ta fito a 2021, kuma tana cikin waɗanda ake samu sababbi ko na hannu a wajen masu kawo kayan kallo daga Kano da Legas. Tana da mashigar HDMI shida da mafita ɗaya, tana karanta tsare-tsaren sautin fim na Dolby Atmos da DTS:X, akwai Bluetooth da Wi-Fi. Duk wannan yana rubuce a jikin kwali, kuma yana aiki yadda aka faɗa. Tambayar da mai saye yake yi a shago ita ce "wat nawa ce?", kuma a nan ne kuɗin mutane suke salwanta.

Kamfanin ya bayar da lamba fiye da ɗaya. Ta gaskiyar ita ce wat 80 ga kowace sifika, idan sifikar mai ohm 8 ce (ohm shi ne ma'aunin tirjiyar da sifika take yi wa wuta), ana kunna biyu lokaci guda, daga 20 Hz zuwa 20,000 Hz, wato daga sauti mafi kauri zuwa mafi siriri, da gurɓatar sauti ta kashi 0.08 cikin ɗari. Akwai kuma wat 145 da ake bugawa a talla, wanda aka auna da sifika ɗaya tak mai ohm 6, a kan sauti guda na 1,000 Hz. Ba ƙarya aka yi ba, amma babu fim ɗin da ake kallo a haka. Riƙe 80 ɗin. Shi ma kada ka ninka shi sau bakwai ka ce kana da wat 560, domin taransifoma ɗaya ce a ciki take ciyar da duka bakwai ɗin, kuma wutar da aka rubuta cewa na'urar tana ja daga bango wat 430 ce. Idan duka sifikokin suka buƙaci ƙarfi a lokaci guda, rabon kowace zai sauka ƙasa da 80. Abin da ya sa wannan bai cika damun mai kallo ba shi ne, a fim sifikokin gaba uku ne suke ɗaukar nauyin aikin, na baya ruwan sama da ƙarar mota mai wucewa kawai suke kawowa.

To wat 80 ya isa? Amsar tana jikin sifika da girman falo, kuma lissafinta ba shi da wuya. Kowace sifikar kirki tana da lambar da ke nuna ƙarar da take bayarwa idan aka ba ta wat 1 aka tsaya mita 1 daga gabanta. Za ka ga an rubuta 85 dB, ko 88, ko 91. Ninka wat sau biyu yana ƙara dB 3 ne kacal. Kafin kunne ya ji kamar ƙara ta ninka, sai an ƙara kusan dB 10, wato wat sau goma. Nisa kuma yana ci: a mita 3 an yi asarar dB 9 da rabi, a mita 5 an yi asarar 14.

Ɗauki falo irin na gidajen Layout ko Sabuwar Unguwa, mita 4 da mita 5, kujera tana mita 3 daga talabijin, sifika mai 88 dB. Wat 1 zai iso kunnenka a matsayin 78.5 dB. Yawancin mutane suna kallo a tsakanin 70 da 75, ke nan a hirar fim ko sharhin ƙwallo risibar ba ta fitar da ko wat ɗaya. Amma sautin fim an tsara shi da sarari na dB 20 sama da matsakaicinsa, domin harbi da fashewa da tsawa. Mai kallo a 75 yana buƙatar na'urar ta iya kai 95 na ɗan lokaci ba tare da ta shaƙe ba, kuma hakan wat 45 yake ci. Denon ɗin nan tana bayar da shi hankali kwance. Canza sifikar zuwa mai 91 dB, buƙatar ta koma wat 22. Canza ta zuwa mai 85, buƙatar ta kai kusan wat 90, an wuce iyaka. Mayar da mai 88 ɗin amma ka kai ta babban falon baƙi inda kujera take mita 5, sai ka nemi wat 126. Bango da silin suna dawo da wani abu daga sautin, don haka a zahiri abin ya ɗan fi wannan sauƙi, amma lissafin ya nuna inda ƙarfinta ya tsaya: matsakaicin falo, da sifika mai 87 zuwa sama.

Wannan lissafin kuma shi ne dalilin da bai kamata a ƙara kuɗi a sayi babbar yayarta don wat kawai ba. X2700H wat 95 ce, bambancinsu bai kai dB 1 ba. X3700H wat 105 ce, bambancin dB 1 da ɗan ɗoriya. Kunne da ƙyar yake kama wannan. Akwai dalilai masu kyau na sayen X3700H, kamar ɗaukar sifikoki tara da mafitar da za ka haɗa amfilifaya ta waje, amma ƙarin ƙara ba ya cikinsu. Kuɗin nan gara a zuba shi a sifikar tsakiya mai kyau, wadda muryoyi suke fitowa daga cikinta.

Batun mafitar nan shi ne babban raunin X1700H. Ba ta da inda za a jawo sautin sifikokin gaba a kai wa amfilifaya mafi ƙarfi. Wanda ya saye ta yau, gobe ya koma gida mai babban falo ko ya samu manyan sifikoki masu cin wuta, ba shi da hanyar ƙara mata ƙarfi sai dai ya sayar. Mafita biyu da ke bayanta na wufa, wato sifikar da ke fitar da sauti mai kauri, su kuma sauti ɗaya suke fitarwa, ba a saita kowace daban.

Sai ohm. An rubuta tana karɓar 4 zuwa 16, amma inda take sakewa shi ne 6 da 8. Sifika mai ohm 4 tana jan wuta ninki biyu na mai 8 a ƙara ɗaya, kuma wannan ƙarin zafi yake zama a cikin akwatin. Lambar ohm da ke bayan sifika ma matsakaici ce. Mai 8 tana iya sauka kusa da 4 a wasu sautuka masu kauri. Kuskure biyu ne suka fi yawa a garin nan. Na farko, haɗa sifika biyu a kan mafita ɗaya don a kai sauti tsakar gida ranar suna ko walima: biyu masu ohm 8 sun zama 4, biyu masu 6 sun zama 3. Na biyu, ɗauko ƙananan sifikokin tsohon saitin nan na DVD da ake jerawa a ɗakin amarya a ɗaura mata. Da yawansu ohm 3 ne, an yi su ne don injin da suka zo tare. Wufarsu kuma ba ta da amfilifaya a ciki, alhali mafitar wufa ta Denon sigina ce kawai take bayarwa, babu ƙarfi a cikinta. Sai ka haɗa ka ji shiru. Dole wufar ta zama mai filogin kanta. Wat 1,000 ko 2,000 da ake mannawa a irin waɗannan saiti da haruffan PMPO kuwa ba ma'auni ba ne da za a gina lissafi a kai.

Mutane suna tsoron risiba mai wat 80 za ta ƙona sifikar da aka rubuta wa wat 60. Abin da ya fi faruwa shi ne akasin haka. Idan aka tura ƙaramar amfilifaya ta wuce iyakarta, sai ta riƙa yanke kan sautin, wannan yankan kuma yana tura ƙarfi mai yawa zuwa tiwita, ƙaramar sifikar da ke fitar da siririn sauti, wayarta mai kamar gashi ta ƙone. Alamar ita ce sauti ya yi kaushi, muryoyi su fara tsaga kunne. Da ka ji haka, rage. Ma'aunin ƙarar na'urar yana tafiya daga 0 zuwa 98, kuma bayan an saita ta, 80 shi ne daidai da ƙarar gidan silima. Akwai wurin sa iyaka a cikin saitin. A gidan da yara suke riƙe rimot, a ɗaure shi a 70.

Abin da ya fi kowane ƙarin wat amfani shi ne wufa mai amfilifayarta da saiti ɗaya. Sauti mai kauri shi ne mai cin ƙarfi. Shiga saitin sifikoki, sa kowace a "Small" ko da doguwa ce mai tsayawa a ƙasa, ka sa mararrabar a 80 Hz. Duk abin da ke ƙasa da haka ya koma wufa, risibar ta huta, zafinta ya ragu. Ƙananan sifikoki masu inci 3 ko 4 suna son 100 ko 120 Hz. Na'urar tana zuwa da makirufo na Audyssey MultEQ XT, tsarin da yake auna ɗaki a wurare har takwas don daidaita sautin sifikoki. A yi awon da daddare, a kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki, a jira janaretan maƙwabta ya yi shiru, makirufon yana daidai tsayin kunnen mai zaune, ba a riƙe a hannu ba. Ƙarar wufa a sa ta a tsakiya kafin a fara. Idan sakamakon ya nuna mata -12, ta yi yawa, a rage a sake. Sau da yawa awon yakan mayar da sifikokin gaba "Large", sai ka koma ka gyara da hannu. Aikin Audyssey a falo mai tayil da silin na POP yana da kyau, yana rage gunjin da ke taruwa a kusurwa, amma ba ya hana amsa-kuwwa. Kafet a tsakiya da labule mai kauri ne maganin wannan.

Yanzu ga abin da takardar talla ba ta yi da Katsina a rai ba. An tsara na'urar ta yi aiki a zafin da bai wuce digiri 35 ba, mu kuwa a Afrilu da Mayu ana haura 40. Amfilifayarta irin mai ɗumama ce ko da ƙara tana ƙasa, kuma iska ta ramukan samanta take fita. Cusa ta cikin durowar talabijin mai ƙofar gilashi, ko ɗora mata dikoda a ka, ko rufe ta da ƙyallen ado saboda ƙura, duk hanyar kashe ta ce. A bar mata aƙalla tafin hannu guda a sama, gaba da baya a buɗe. Ƙaramar fanka ta USB da aka kwantar a samanta tana zuƙo iska waje tana taimakawa sosai a bazara, haka ma sa saitin rage cin wuta, wato "ECO", a kan "Auto". Ƙurar hunturu tana kwanciya a kan ƙarfen da ke sanyaya ta. A cire filogi a hure ta da abin hura iska ƙarshen kowane hunturu, ƙyalle kuma sai tana kashe. Idan ta ɗauke da kanta, dubi fitilar gaba. Ja mai ƙiftawa a hankali, kusan duk daƙiƙa biyu, zafi ne, a bar ta ta huce. Mai ƙiftawa da sauri yawanci silin waya ne ya taɓa ɗan'uwansa ko jikin ƙarfen baya.

Kafin biyan kuɗi, juya bayanta ka karanta. Wadda aka yi wa kasuwar Turai 230V ce, ta dace da wutarmu. Wadda aka kawo daga Amurka 120V ce, kuma sa ta a bango kai tsaye sau ɗaya ya isa. Idan ita ka samu, sai da taransifomar rage wuta ta wat 1,000, kuma a manna takarda a filogin don kada wani ya manta. Wutar da ke zuwa rabi-rabi tana rage ƙarfin da risibar ke iya fitarwa, ta sa ta shaƙe da wuri, don haka sitabilaiza ta 2,000VA ga risiba da wufa da talabijin ba almubazzaranci ba ne, musamman da yake sitabilaiza ba ta ɗaukar cikakken nauyinta idan wutar ta yi ƙasa sosai. Ƙaramin janareta mai wat 650 ko 950 bai dace da ita ba. Masu sola su tabbata inbatarsu mai tsabtataccen zango ce, wato "pure sine wave", in ba haka ba taransifomar za ta riƙa ƙugi tana zafi. Da damina kuma, idan hadari ya haɗo, a zare wayar dish daga dikoda, domin tsawa ta nan take bi ta shiga HDMI, kuma allon HDMI yana cikin mafi tsadar gyara.

Waya ba ta buƙatar tsada, tana buƙatar jan ƙarfe na gaske. Mai kauri 1.5mm ta isa sifikokin gaba. Na baya da waya za ta zagaya bango fiye da mita 10, a sa 2.5mm. Akwai wadda ake sayarwa da araha, alminiyom ce aka shafa wa jan ƙarfe. Kankare bakinta da wuƙa, idan cikin ya yi fari a bar ta. A fere santimita ɗaya, a murɗe silin sosai, ja zuwa ja, baƙi zuwa baƙi. Idan aka juya ɗaya daga cikin na gaba, kaurin sauti yana ɓacewa, muryar kuma ta rasa tsakiya.

Mai sayen ta hannu ya je shago da sifika ɗaya da wayar HDMI tasa. A gwada mafita bakwai ɗin ɗaya bayan ɗaya da sautin gwaji da ke cikin saitin, a gwada mashigar HDMI shida duka, a bar ta tana aiki rabin awa a ji ko za ta ɗauke. A tabbata makirufon Audyssey yana cikin kwalin, domin ba kowane makirufo ne yake maye gurbinsa ba, kuma samunsa shi kaɗai a Katsina aiki ne.