Karatun NOUN ga ma'aikacin da ya tsaya a mataki na 14

Ma'aikacin gwamnatin tarayya mai HND (babbar difloma ta ƙasa) a sashen zartarwa yakan tsaya cak a matakin albashi na 14, sai ya samu digiri ya sauya sashe. Nan Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa (NOUN) take da rana: mutum yana aiki yana karatu. A kowane kwas, maki 30 cikin 100 na aikin gida ne ta intanet, 70 na jarrabawa. Shafinsu kan yi nauyi lokacin rajista, sakamako kuma yakan makara.

Inda mutane ke faɗuwa shi ne takardar izinin karatu. Ka karɓe ta a rubuce daga ma'aikatarka kafin ka fara, ka kuma zaɓi kwas mai alaƙa da aikinka. In ba haka ba, ana iya ƙin karɓar digirin wajen sauya sashe, kuɗi da shekaru sun tafi.