Littattafan yara 'yan tsokana a teburan Terminus, Jos

Tun bayan gobarar babbar kasuwar Jos a 2002, ciniki ya bazu a titunan da ke kewaye da Terminus, har da masu shimfiɗa littattafai a bakin hanya. Mai neman labaran barkwanci na yara, irin na abokai biyu ko uku da suka gallabi unguwa da tsokana, zai tarar da kaya iri biyu: gwanjon Turanci daga Ingila da Amurka, da ƙananan littattafan Hausa bugun gida.

Gwanjon ya fi ƙarko, takardarsa da kauri, zanensa da kala. Sai dai barkwancinsa ba kullum yake isowa nan ba. Yaron Gangare ko Anguwar Rogo bai san jifa da curin ƙanƙara ba, wasan kalmomin Turanci kuwa sai an tsaya an yi masa bayani, kafin a gama dariyar ta huce. In za a saya, a buɗe littafin daga tsakiya. Idan ya yi ƙas, gam ɗin ya bushe, hunturun Jos zai ƙarasa shi. A shinshina kuma, mai warin fumfuna a bar shi.

Na Hausar ne ke sa yara kyakkyata, domin sun san gishiri a kofin shayi, sun san ɓoye takalmin Baba a ƙofar masallaci, kuma halin Gizo ba baƙo ba ne a wajensu. Aikin bugun ne ke da rauni. Yawancinsu ba su wuce shafi 24 zuwa 48 ba, an maƙale su da ƙarfen sitefula biyu. Da damina ta kankama ƙarfen ya yi tsatsa, ya ci takardar, shafukan tsakiya su fara zubewa. Maganinsa da sauƙi: a cire ƙarfen tun littafin yana sabo, a huda wuri uku a kan ninkin, a ɗinke da zare mai ƙwari, a naɗe bangon da leda. A ɗaga shafi ɗaya wajen haske, in rubutun baya yana leƙowa, takardar jarida ce, za ta gajiyar da idon mai koyo. Haka kuma a duba ƙ da ɗ da ɓ, don wasu maɗaba'u kan watsar da lanƙwasar, ɗan aji biyu ya yi ta tuntuɓe.

Abin da masu teburin ba sa tacewa shi ne irin tsokanar da ke ciki, kuma yaro na gwada abin da ya karanta. Janye wa mutum kujera yana iya taɓa ƙashin baya. Zuba barkono a garwashi ya fi muni, musamman a garin da ake jin ɗumin gawayi a ɗaki lokacin sanyi, ga masu asma a gida. Iyaye su karanta babi biyu a tsaye kafin su biya, su ga ko wanda aka tsokana ma ya yi dariya daga baya, ko kuwa kuka kawai ya sha.

Ana ciniki sosai, musamman ga mai ɗaukar uku ko huɗu. Amma ba kowane mai tebur ke karɓar abin da aka mayar ba, don haka a ƙirga shafuka a gabansa.