Kalandar hotunan daji cikin dusar ƙanƙara, ga abin da na gani

Na yi odar kalandar nan mai hotuna 12, duk na daji lokacin hunturu, kuma gaskiya na Janairu kaɗai ya biya ni. Bishiyoyi baƙaƙe sun tsaya reras, dusar ƙanƙara ta kwanta a rassa, ga sawun wata ƴar dabba ya ratsa har ya ɓace bayan kututture, wallahi na daɗe ina kallonsa.

Amma wajen huɗu daga ciki ƙanƙarar ta fito toka-toka kamar tsohon zane, kuma na san dalili, ita kyamara in ta ga fari ya yi yawa sai ta rage haske da kanta tana neman mai da shi ruwan toka, dole mai ɗauka ya ƙara hasken da mataki 1 ko 2, shi kuwa bai ƙara ba. Abin ya min ciwo don wuraren suna da kyau sosai. Shuɗin inuwar kam ban ga laifinsa ba, hasken sama ne ke sauka a wurin.

Takardar mai kauri ce, ba ta ƙyalli. Na Janairun zan yanke in sa a firam.